Yadda Ma'aikaci Zai Lissafa Rarar Guminsa

Masanin tattalin arziki Karl Marx ya ɗauko da yawa daga cikin misalan littafinsa Das Kapital na 1867 daga masaƙun audugar Ingila, saboda haka ma'aikacin Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru, inda auduga ke ciyar da gidaje masu yawa, yana iya gwada ra'ayin Marx na cewa ma'aikaci yana samar da ƙimar da ta fi ladansa, wato rara, da kansa, da takarda da alƙalami.

A fara da rubuta ladan yini ɗaya, a raba albashin wata da kwanakin da aka yi aiki. Sai a ƙiyasta kuɗin kayan da aka samar a yinin, kuma tunda a masana'anta ba wanda ke gama abu shi kaɗai, a ɗauki na dukan masu aiki a kan inji ɗaya a raba da yawansu. Daga wannan a cire kuɗin ɗanyar auduga da wutar lantarki da lalacewar inji, domin a wurin Marx waɗannan ba sa haifar da sabuwar ƙima. Abin da ya rage, aikin hannu ne ya samar da shi.

A ce sefa 8,000 suka rage a yini mai awa 8, lada kuma 3,000. Ke nan cikin awa 3 ma'aikaci ya fanshi ladansa, sauran 5 su ne rarar, wadda daga cikinta riba da haraji da ruwan bashin banki suke fita. Mai jari zai ce shi ya sayi injin, shi ya ɗauki kasada, kuma ya kamata a rubuta hujjar tasa a gefe maimakon a share ta.

Manomin auduga kada ya yi amfani da wannan lissafi kai tsaye, don gonarsa yake nomawa, ba albashi yake karɓa ba. Kamfanin SODECOTON, da aka kafa a 1974, shi ke sayen audugar arewacin Kamaru, taki da maganin ƙwari kuwa bashi ne da ake zarewa bayan an auna. Manomi ya cire bashin, ya raba saura da kwanakin aikin dukan iyalinsa, har da na mata da yara a lokacin tsinka, waɗanda galibi ba a ƙirga su.

A ƙarshe a gwada awoyin da dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992, wadda ta tsayar da awa 40 a mako a wajen harkar noma. Duk awar da ta haura ba tare da biya ba, a rubuta ranarta a kai wa wakilin ma'aikata.