Yadda ake korar ƙananan ƙudaje daga bahon takin tana

Duk mai kiwon tana a gida don taki, a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, ya san su: 'yan baƙaƙen ƙudaje masu siraran ƙafafu, tsawonsu milimita 2 zuwa 3, da ke tashi buu da zarar an ɗaga murfi. Ba sa cizo, ba sa cin tana. Fumfuna ce ke kawo su, ita kuma tana bin laima. Da bazara, idan zafi ya haura digiri 40, mutum ya yi ta kwara ruwa don kada tana ta mutu. Da damina kuma iska kanta a jiƙe take.

Fara da gwada laimar. Ɗebi takin cike da hannu ka matse. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunka, ya yi yawa. Daina zuba ruwa, ka yayyaga busasshen kwali ka cakuɗa a ciki, ka kuma duba ko hudojin gindin bahon sun toshe.

Sannan ka tsayar da abinci na mako biyu. Tana ba za ta ji yunwa ba, kwalin ma ci take yi. Tsame ɓawon mangwaro da na kankana da ke kwance a sama.

Aikin da ya fi muhimmanci shi ne rufe saman. Macen ƙudan tana zuba ƙwanta ne a saman taki mai laima, tsutsar ƙudan kuma a nan take rayuwa. Shimfiɗa busasshen ganye ko yagaggen kwali mai kaurin yatsu huɗu, ka ɗaure bakin bahon da tsohon zane. Kada ka sa gidan sauro, yawancinsu na ɗauke da magani. Fiya-fiya kuwa kada ma ka kusantar da ita wurin, tanar za ta fara kashewa. Toka ma a bar ta, ƙona jikin tanar take yi.

Masu tashin, launin ruwan ɗorawa ke jan su. Yanko gefen tsohuwar jarka mai wannan launi, shafa mata basilin, ka rataye kusa da bahon.

Daga ƙwai zuwa ƙuda kusan mako uku zuwa huɗu ne, saboda haka ka jure wata guda kafin ka ce abin bai ci ba. In ka dawo da ba tanar abinci, binne shi ƙarƙashin shimfiɗar, kaɗan-kaɗan, sai na baya ya ƙare.