Darasi na 6: Farashi da Halin Mai Saye

Yawancin masu saye sukan fito daga gida da kuɗin cefane a ƙulle. Matar da ta riƙo ₦1,000 don tumatir, ko kaya ya yi tsada, dubun nan za ta kashe. Abin da take sauyawa shi ne yawan kayan, ko ta koma kan fasasshe wanda 'yan Legas ke kira esha, ko ta sayi tumatirin leda ta wuce.

Wannan ya fi fitowa fili da damina. Tumatirin kasuwar Mile 12 da ke Legas yawanci daga Arewa yake zuwa, kuma idan noman rani ya ƙare a su Kano da Kaduna, kaya kan yi ƙaranci, kwando ya tashi.

Ga misali, alƙaluman na koyo ne. Ka sari kwando ₦40,000, dako da kuɗin mota zuwa Agege ₦3,000. Uwar kuɗi ₦43,000 ke nan. Ka tsince, ka sami masu kyau 350. Kashi 50 na bakwai-bakwai a kan ₦1,000 zai ba ka ₦50,000, riba ₦7,000. To, kwando ya koma ₦60,000, uwar kuɗi ₦63,000. In ka ce kashi ₦1,400, da yawa za su taya su wuce, ga kuma rigimar canji. Bar shi a dubu, ka kasa biyar-biyar: kashi 70, ₦70,000, ribarka tana nan.

Inda ake faɗuwa shi ne manta kuɗin dako da abin da ya ruɓe, sai a yi lissafi da kuɗin sari kawai. Tumatir kuwa ba ya jira, wanda ya kwana ya yi laushi sai an karya farashinsa. Kada kuma ka cusa fasasshe ƙarƙashin kashi, wadda ta gani a gida ba za ta dawo ba. Ware shi daban da nasa farashin, masu abincin sayarwa na nemansa.

Araha ma in ta yi yawa tana kora. Kowa na sayar da derikar wake (gwangwanin awo) ₦1,500 kai kaɗai ₦1,000, sai a yi zaton ƙwari sun ci, ko an bubbuga gindin gwangwanin. Gyaran tumatir ɗaya ya fi rage ₦100 jawo ciniki, don mai saye yana ganinsa a hannu.

Aikin yi: kwando ₦50,000, dako ₦3,000, masu kyau 360. In ka kasa shida-shida a kan ₦1,000, nawa ce ribarka?