Yadda malaman makaranta ɗaya za su riƙa yi wa juna bita

Bitar kwana uku da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ko wata ƙungiya ke kira tana da amfani, amma malami ɗaya ko biyu ake turawa daga makaranta, kuma kafin zango ya ƙare yawancin abin da aka koyo ya bi ruwa, don ba wanda ya leƙa aji ya ga ko ana aiki da shi. Abin da ke zama a hannun malami shi ne wanda abokan aiki suka gani, suka gyara, ya sake gwadawa.

A haɗa mutum huɗu zuwa shida masu koyar da darasi ɗaya. A tsayar da awa guda duk mako biyu, bayan an tashi yara. A guji Juma'a, hankalin kowa na masallaci.

A zaman farko matsala ɗaya tak za a kama. "Yara ba sa gane lissafi" ba ta kamuwa. A ɗauko yara goma, daga gaba da tsakiya da bayan aji, a ba su 52 a cire 17. In da yawa sun rubuta 45 maimakon 35, an gano inda ciwon yake: ƙaramar lamba suke cirewa daga babba, 2 daga 7, 1 daga 5, saboda aro bai zauna musu ba.

Sai a tsara darasi tare. A sami tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da roba. Kowane rukunin yara takwas a ba su ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce su cire bakwai. Za su tsaya cak. Kada malami ya yi saurin faɗa. A bari wani yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, biyu su koma goma sha biyu. Nan aro yake. A ajin da ya cika maƙil, irin na firamaren Dala ko Gwale a Kano, a raba tsinken tun kafin a shiga, in ba haka ba rabon zai cinye darasin.

Mutum ɗaya ya koyar, sauran su zauna a gefe. Yara ake kallo, ba malami ba. Kowa ya bi yara uku, ya rubuta inda suka tsaya.

A tattauna a ranar, minti ashirin, wanda ya koyar ya fara magana. A nan aka fi ɓata lamarin. Ƙarami ba zai iya gyara wa babba kai tsaye ba, to ya ce, "Malam, na lura yaran baya sun daina ƙirga da aka koma allo." Shi ya sa ya fi kyau babban malami ya fara koyarwa. Hedimasta kuwa, ranar da ya sa abin da aka rubuta a fayil ɗin wani, ranar kowa zai rufe ajinsa.

Bayan mako biyu a sake gwada yaran nan goma da 63 a cire 28. In sun samu, a kama wata matsalar. In ba su samu ba, wani malamin ya koyar da darasin da aka gyara.

Wannan bai ɗauke neman takarda ba. NCE, takardar da ake samu a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Najeriya, rajista kuma da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ake yi. Mai digiri da bai karanci ilimi ba ya nemi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, a Jami'ar Bayero ko a NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda ke karantarwa daga nesa, ba sai malami ya bar ajinsa ba.