Jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida: kurakuran da na gaji da gani

Shekara 3 da 'yan watanni na yi ina jinyar Baba bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Tun daga lokacin, duk gidan da aka sallamo irin wannan majinyaci a unguwarmu sai an aiko yaro a kira ni. Ni ba nas ba ce. Abin da na sani a jikin Baba na koya, sai kuma faɗan wata nas da ke zuwa mana gida. Kusan ko'ina abu ɗaya nake tararwa, kuma yawancin ɓarnar tausayi ne ke yin ta.

Gyambon kwanciya zan fara da shi, don shi ya fi cin mu. An gaya mana a asibiti a riƙa juya shi duk bayan awa 2. Da rana muna yi. Da dare kuwa in na leƙa na ga barcinsa ya yi nauyi, sai in ce bawan Allah ya samu sa'ida, kada in tashe shi. Haka yake kwana rigingine tun isha'i har asuba, ga leda a ƙarƙashin zanin gado, ga zafin watan Afrilu. Ranar da nas ta birkita shi ta nuna min ƙasan ƙugunsa, wani tabo na gani kamar girman murfin kwalba, ya fi sauran fatar duhu, da ɗumi da tauri in an taɓa. Na ce ai ba komai. Ta ce min, "Hajiya, ta ciki yake fara ci." Kafin mako ya zagayo wurin ya buɗe, kuma sai da muka yi wata 5 ana wankin ciwo. Kuɗin da ya tafi a auduga da bandeji ban ma son tunawa.

Ana cewa a lura da wurin da ya yi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, saboda haka hannu za ku sa ku ji, ku haska da tocila: ƙasan ƙugu, dunduniya, gefen kwankwaso, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya. Kullum, lokacin wanka. In kun ga tabo, ku ɗauke nauyi daga kansa. Kada ku murza, kada ku gasa, kada ku shafa man zafi. Naman da ke ƙasa ya riga ya wahala. Wajen juyi, ni ba na kwantar da mutum ɗungurungum a kan kwankwasonsa. Ina karkata shi kaɗan, in tokare bayansa da filo, in sa wani tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba. In za a matsar da shi sama, mutum biyu su ɗaga shi da zani, a daina jan sa kamar buhu, fata na saɓulewa. Wanda ya sayi katifar iska ya kyauta, amma ba ta ɗauke masa juyi ba, balle in wuta ta ɗauke ta sace.

Na biyu shi ne ɗura, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Cutar kan taɓa haɗiya. Ruwa tsinkakke ya fi komai saurin kuskurewa ya bi hanyar numfashi, kuma wani majinyacin ko tari ba zai yi ba, sai bayan kwana biyu ku ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Nimoniya ke nan. Mu ta dalilin 'yar dubiya muka gamu da ita. Wata gwaggonmu ce ta zo daga ƙauye, na fita ɗebo ruwan wanka, na dawo na tarar ta tallabo kan Baba yana kwance tana zuba masa ruwa da moɗa, tana cewa mun bar yayanta da ƙishi. Kwana 9 muka yi a asibiti.

Don Allah, in jinya na hannunku ku cire kunya. Gwaggo ce ko limamin unguwa, ba mai sa wa majinyaci komai a baki sai da saninku. Wanda ya kawo zamzam ko rubutu a karɓa da godiya. Ni nakan jiƙa masa leɓe da shi, sauran in dama a cikin kunu mai kauri. A zaunar da shi sosai, a tabbata idonsa biyu, a ba shi da ƙaramin cokali, sai ya haɗiye a ƙara. In murya ta koma kamar mai kurkure, a tsaya. Bayan an gama a duba kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci na maƙalewa a nan, a goge baki, a bar shi a zaune aƙalla minti 30. Kaurin abin da zai iya haɗiya kuma likita ne zai faɗa, ba maƙwabciya ba.

Mai cin abinci ta robar hanci ma a tashe shi ya jingina kafin a ba shi, a duba alamar da aka yi wa robar a bakin hanci, a wanke ta da ruwa kafin abinci da bayansa. In ta zaro, kada wani gwani ya tura ta, asibiti. Kuma ba kowace ƙwaya ake dakawa ba, akwai masu sakin magani a hankali, ku tambaya.

Jakar fitsari ƙasa da mara take zama, ba a kan gado ba, ba kuma yashe a ƙasa ba. Kada a ɗago shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na gocewa. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. Motsa gaɓoɓi da likitan gashin ƙashi ya nuna, kullum ne, ba ranar da zai zo kaɗai ba. Sannan ku daina zancen "ai jikin ya ƙi" a kansa. Baba ba ya magana, amma na sha ganin hawaye na bin kuncinsa.

Juyin dare kuwa, mutum ɗaya ba zai iya ba, na gwada har na fara barci a tsaye. Bayan gyambon nan na tara 'yan'uwana na ce kowa ya ɗauki darensa, maza ma, mai aikin ofis ya karɓi Juma'a da Asabar. Na sayi littafi irin na 'yan makaranta na rataye a ƙusa kusa da gado. Wanda ya juya shi ya rubuta lokaci da ɓangare, haka magani, haka bayan gida. Ƙanena ya yi ta mita wai na mai da gida asibiti. Shi ne kuma daga baya yake kirana ƙarfe 2 na dare ya ce, "Yaya, shafin ya cika, ina sabon littafin?"