Yadda Ake Lissafa Makin Da Kake Buƙata A Jarabawar Ƙarshen Semesta

Yaran ƙauyukanmu da ke samun gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna karatu bakin gwargwado, amma da yawansu ba su san yadda ake haɗa maki ba. Sai an liƙa sakamako yaro ya ga abin da bai zata ba.

Da farko, tun makon da aka fara kwas ka tambayi malami yadda ya raba maki 100 ɗin. A tsarin NCE, wato karatun malanta na kwalejojin ilimi, gwaje-gwaje da aikin gida, wato CA, suna ɗaukar 40, jarabawa 60. Jami'o'i da dama kuwa 30 da 70 suke yi. Kada ka ari rabon makarantar abokinka, ka ji daga bakin mai kwas ɗin.

Na biyu, ka tara makin CA. Ka ware shafin ƙarshe na littafinka, duk gwajin da aka dawo da shi ka rubuta makinsa nan take. Ban yarda da ajiyewa a waya ba. Wayar da take kwana a shagon caji ba ma'ajiya ba ce.

To ga inda ake faɗuwa. Sau da yawa takardar jarabawa a kan 100 ake duba ta, alhali nauyinta 60 ne. Mu ce kana da 22 cikin 40 a CA, ka ci 65 a takarda. Sai yaro ya haɗa 22 da 65, ya samu 87, ya bugo waya gida wai ya ci A. Ina! Sai ka fara rage 65 ɗin zuwa nauyinta: ka ninka da 60, ka raba da 100, ya ba ka 39. Wannan 39 ɗin ake ɗorawa a kan 22, jimilla 61. B ke nan, domin A daga 70 take farawa, B daga 60, C daga 50, ƙasa da 40 kuma an faɗi. Gajeriyar hanya: ninka da 6, raba da 10, ko kalkuleta ba sai ka taɓa ba.

Yanzu juya lissafin, wanda shi ya fi amfani kafin a shiga aji. Kana son B? Cire 22 daga 60 ɗin da B ke farawa, saura 38. Raba 38 da 60 ɗin nauyin jarabawa, ka ninka da 100, ya ba ka 63 da ɗoriya. Ka ɗauka 64 kake nema, kullum sama ake cikewa. A kuwa sai ka ci 80. Wanda ya tsallake gwaji ɗaya saboda ya tafi gida girbi ko cin kasuwar Maigatari, CA ɗinsa ya tsaya a 10, sai ya ci 50 a takarda kafin ya tsira da 40. In bai kai ba ya maimaita kwas, ga kuɗin mota, ga na takardu, wani lokaci har da ƙarin shekara.

In rabon 30 da 70 ne, sa 70 a gurbin 60 ɗin nauyin jarabawa, shi ke nan. Sannan ka duba yunit, wato nauyin kowane kwas a sakamakonka: kwas mai 3 ya fi mai 1 jan sakamakonka sama ko ƙasa, don haka shi za ka fara yi wa wannan lissafi.