Yadda za ka tsira da hazo da jiran jirgi in za ka tashi daga Yamai

Jama'a duk mai tahiya tsakanin Disamba da Fabrairu ya sa hazo cikin lissahi, don in ƙura ta rufe hilin jirgin Diori Hamani matuƙi ba ya ganin hanya, sai a jinkirta ko jirgin da kuke jira ya wuce ya sauka wata ƙasa. Da damina kuma hadarin marece ne matsalar, iska da ƙura sannan ruwa.

Abu na farko, sayi tikiti guda tun daga Yamai har inda za ka, ko ta Adis Ababa ne ko Istanbul ko Kasablanka. In jirgin farko ya makara kampanin ne zai sa ka a na gaba kyauta, amma in ka yanki biyu daban don araha to wallahi asarar taka ce kai kaɗai. Kuma kar ka yarda da yada zangon awa 1, nemi awa 3 ko fiye.

Jakar hannu ka sa sharja, power bank (ba a yarda da shi cikin babban akwati ba), magungunanka, riga ɗaya ta canji, fasfo da katin rigakahin shawara. Turare ko man shafawa kar kwalba ta wuce mililita 100, karɓewa za su yi.

In an soke tashi, kar ka tsaya hayaniya, ruga ka shiga layin kantar kampanin, ka tambayi abinci da otel in kwana ya kama. Mutanen Tawa kuma ku iso Yamai tun ana gobe, hanyar Konni da Doso ba ta gaggawa ba ce.