Darasi na Bakwai: Yadda Ake Karanta Rahoton Guguwar Tekun Atlantika

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, lokacin guguwa a tekun Atlantika yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma abin ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Da yawa daga cikin guguwar nan asalinsu hadari ne da ke ratsa Afirka ta Yamma a daminarmu, ya faɗa teku ta wajen Senegal, ya tarar da ruwa mai ɗumi, ya yi ta ƙara ƙarfi har ya isa tsibiran Karebiyan ko Amurka.

Kowane rahoto yana zuwa da lambobi biyu, kuma nan ne akasarinku kuke tuntuɓe. Lamba ɗaya gudun iskar da ke juyawa ne a cikin guguwar, ɗayar kuma gudun tafiyar guguwar ce kanta. Ku tuna guguwar rani a fili, yadda take juyawa da ƙura kamar ta tashi sama, alhali tafiyarta a hankali take yi. Juyawa daban, tafiya daban.

Ku rubuta wannan misali a littafinku: iska kilomita 130 a awa, guguwa tana nufar yamma kilomita 20 a awa. Ku ɗora yatsa a kan 130, ku ja layi a ƙarƙashinsa, domin shi ne ƙarfin guguwar. Ku bar 20 tukuna, tafiya ce kawai. Wanda ya kuskure kada ya ji kunya, ya goge ya sake, sannu a hankali hannu zai saba.

Yanzu ku auna lambar da kuka ja wa layi. Idan ta kai kilomita 63 a awa, an sa wa guguwar suna. Idan ta kai 119, ta zama mahaukaciyar guguwa, wadda ake raba ta aji biyar, aji na biyar kuwa yana farawa daga 252. To, misalinmu mahaukaciya ce, tunda 130 ta wuce 119.

A makon jiya sau uku na maimaita wannan, amma har yanzu akwai masu auna 20 su ce mini guguwar ba ta da ƙarfi. Wannan ba rashin fahimta ba ne, gaggawa ce, kuma ba zan ƙara karɓar aikin da babu layi a ƙarƙashin gudun iska ba. Ku nemi kalmar iska, ku ja layi, sannan ku auna.

Sunayen kuwa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ke tsara su, na maza da na mata bi da bi. Guguwar da ta yi mummunar ɓarna akan cire sunanta, kamar Katrina da ta afka wa birnin New Orleans na Amurka a 2005.

A 2020 guguwa 30 aka sa wa suna. Ku kwafe wannan jimla sau biyu kafin darasi na gaba.